Daga wa yaron ya ɗauka? Bin sawun ƙwayar gudawa a bakin iyakar Jibiya

Shirin lafiyar iyali na wannan mako ya yada zango a Mazanya, dab da Magama a ƙaramar hukumar Jibiya, inda Najeriya ta yi iyaka da Nijar. Batun yau gudawar yara ce, musamman wadda wata 'yar ƙwayar cuta ke haddasawa. Galibin iyaye ko sunan ƙwayar ba su taɓa ji ba, alhali tana sahun gaba wajen kashe jarirai a ƙasashenmu. Likitoci na kiranta Kiriftosiforidiyam. Sunan ya yi wa baki nauyi, don haka a shirin nan kirifto za a riƙa cewa.

Duk wanda ya tsaya bakin titin Magama ranar Lahadi, ranar da kasuwar Jibiya ke ci, zai ga irin kai da komon da ake yi tsakanin ƙasashen biyu: motocin hatsi, 'yan acaɓa da lodin jarkoki, mata da goyo za su suna ko biki a Ɗan Isa ta Nijar, shanu da tumaki an nufi kara da su. Ruwa ma hanyar yake bi. Kogin Gada, wanda aka datse aka yi madatsar Jibiya, shi ne ke ratsawa cikin Nijar ya zama Gulbin Maraɗi. An rufe iyakar nan a 2019, an buɗe a 2022, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, an kuma buɗe a 2024, amma kowace damina ruwan yana wucewa da abin da ya kwaso daga bayan gari. Mutum da dabba da ruwa a cakuɗe suke a nan, shi ya sa tambayar da masu bincike suka daɗe suna yi ta dace da wurin: idan yaro ya kamu da kirifto, daga wa ya ɗauka? Daga maraƙin da ke sha a tafkin da mutane ke ɗiba, ko daga ɗan maƙwabta da suke rarrafe a tabarma ɗaya? Amsar ce ke nuna inda ya kamata a sa kuɗi da ƙarfi.

Kafin 2013, ko a cikin likitoci kaɗan ne ke ɗaukar kirifto a bakin babbar barazana ga yaran da ba su da ƙanjamau. A shekarar ce mujallar Lancet ta fitar da sakamakon wani gagarumin bincike mai suna GEMS, wanda aka yi daga 2007 zuwa 2011 a ƙasashe bakwai: Gambiya, Mali, Kenya, Mozambik, Indiya, Pakistan da Bangladesh. An duba kashin yara sama da 9,000 masu gudawa mai tsanani, aka gwada da na yara masu lafiya sama da 13,000. A cikin ƙwayoyin da ke haddasa gudawar, rotabairos ce ta zo ta ɗaya, kowa dama ya zaci haka. Abin da ya girgiza masana shi ne wadda ta zo ta biyu a tsakanin 'yan ƙasa da shekara ɗaya, wato kirifto. Da aka koma gidajen yaran bayan wata biyu, sai aka tarar waɗanda suka yi gudawar sun ninka takwarorinsu fiye da sau 8 a yawan rasuwa. Wani ƙiyasi da ya fito a 2018 ya ce kirifto ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 48,000 a duniya a shekarar 2016, kuma kason Najeriya ya fi na kowace ƙasa.

Ita rotabairos an samo mata rigakafi, kuma maƙwabtan Jibiya na da hannu a wannan nasara. A Madarunfa, can tsallaken iyaka, aka gwada wani ɗigon baki mai jure zafi a kan jarirai kimanin 3,500, ƙarƙashin Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa da cibiyar bincikenta ta Epicentre, sakamakon ya fito a 2017. Nijar ta sa ɗigon rota a jadawalin rigakafin yara tun 2014, Najeriya ta bi sahu a 2022. Kirifto kuwa har yau mutum ba shi da rigakafinta. Magani ɗaya ne aka amince da shi, nitazoksanid, wanda Amurka ta ba wa lasisi a 2002, kuma ƙarfinsa kaɗan ne a jikin yaro mai tamowa ko mai ƙanjamau, wato daidai waɗanda suka fi buƙatarsa.

Maganar tamowa ba sai an yi wa mutumin Jibiya dogon bayani ba. Shekara da shekaru iyaye mata na tsallakawa da 'ya'yansu zuwa cibiyoyin tamowa na Ɗan Isa da Madarunfa, kuma tun 2021 ƙungiyar likitocin ta buɗe irinsu a jihar Katsina. Kirifto da tamowa juna suke ciyarwa. Ƙwayar na lalata shimfiɗar ƙaramin hanji, inda abinci ke shiga jini, sai yaro ya ci amma jiki bai amfana ba. Yaron da ya rame kuma jikinsa ba ya iya korar ƙwayar da wuri, gudawar mako ɗaya sai ta zama ta mako uku. Ko wanda ya ɗauka bai yi zawo ba, bincike ya nuna tana iya tauye masa girma.

To yaya take rayuwa? 'Yar'uwar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ce, dangi ɗaya suka fito, sai dai ita ba ta buƙatar sauro. Abin da ke fita cikin kashin mai ɗauke da ita wani ɗan ƙwai ne mai ɓawo mai tauri, wanda sai an jera kusan 200 kafin su cika milimita ɗaya. Idan aka haɗiye shi ya isa ƙaramin hanji, ɓawon ya tsage, 'ya'ya huɗu su fito, kowanne ya manne wa tantanin hanji ya lulluɓe kansa da fatar tantanin. A nan yake hayayyafa, ɗaya ya zama takwas, takwas ɗin su fashe su kama sababbin wurare. Daga baya wasu su zama maza wasu mata, a yi barbara, a samu sabon ƙwai. Duk a hanjin mutum ɗaya ake gama wannan.

Abubuwa uku ne suka sa take da wuyar tarewa. Ƙwan tsutsar ciki sai ya yi makonni a ƙasa kafin ya nuna, amma na kirifto a nune yake fitowa, yana iya kama wani nan take. Sannan ɗan kaɗan ya isa: gwajin da aka yi da masu sa kai a Texas, wanda ya fito a 1995, ya nuna ƙwai kimanin 130 na kama rabin manyan mutane masu lafiya, wasu nau'o'in ma ƙwai goma sun wadatar, alhali mai gudawa na zubar da miliyoyi. Na uku shi ne ɓawon. Kulorin da ake sa wa ruwa, wanda ke gamawa da ƙwayar kwalara cikin 'yan mintoci, ƙwan kirifto na iya yin fiye da mako a cikinsa da ransa. A wuri mai laima da sanyi yakan yi watanni. Abin da ba ya jurewa shi ne tafasa da bushewa, don haka ranar bazara ta Jibiya tana yi wa mutane aiki, damina kuma tana yi wa ƙwayar.

Wani Ba'amurke, Ernest Tyzzer, shi ya fara ganinta a cikin ɓera a 1907. Sai a 1976 aka tabbatar da ita a jikin mutum, kafin nan kuma likitocin dabbobi sun riga sun santa a zawon maruƙa. Daga nan tunani ya kafu cewa cutar dabba ce da ke faɗa wa mutum.

Birnin Milwoki na Amurka ne ya fara kawo shakka. A bazarar 1993 ƙwayar ta shiga ruwan famfon birnin, wanda ake ɗebowa daga Tafkin Mishigan, mutum kimanin 403,000 suka kwanta da gudawa, aƙalla 69 suka rasu, galibinsu masu ƙanjamau. An sa kulorin yadda doka ta ce, bai hana komai ba. Da farko zargi ya tafi kan gonakin shanu da mayankar da ke gefen kogunan da ke malala cikin tafkin. Bayan 'yan shekaru, da aka samu dabarar karanta ƙwayoyin gadon halitta, aka koma kan samfurin kashin da aka adana, sai ga shi nau'in da ya kwantar da birnin na mutane ne, wanda shanu ba su cika ɗauka ba. Ke nan ƙazantar mutane ce ta koma wa mutane. A 2002 aka raba nau'o'in biyu a hukumance: hominis mai bin mutum, da farbum mai kama maraƙi da mutum duka. A ƙarƙashin madubin likita ba a bambance su.

Dabarar da masu bincike ke amfani da ita yau ta yi kama da aikin jami'in da ke shingen Magama. Motoci biyu na iya zama iri ɗaya, launi ɗaya, amma lambar da ke jikinsu ce ke faɗa masa daga inda kowace ta fito. Ita ma kirifto tana da wani gurbi a ƙwayoyin gadonta, gp60, da ake karantawa a san danginta. Idan lambar da ke cikin yaro ta zo ɗaya da ta yayarsa, ta kuma saɓa da ta akuyar gidan, an san ta inda aka bi.

An yi wannan karatu a ƙasar Hausa. A 2011 Dokta Beatty Maikai da abokan aiki na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tare da masana na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka fitar da binciken maruƙa kusan 200 na shanun gida a jihar Kaduna. Sun sami kirifto a jikin wasu, amma nau'o'in da suka saba da shanu ne, waɗanda ba kasafai suke kama mutum ba. Farbum, wadda ke addabar gonakin madara na Turai da Amurka, ba su ci karo da ita ba. Wani binciken maruƙa a kudu maso yammacin Najeriya ma haka ya nuna.

A ɓangaren yara kuwa, Farfesa Samba Sow na Bamako da abokan aiki suka koma kan samfurin GEMS, suka wallafa a 2016 cewa kusan kashi 78 cikin 100 na kirifto da ke jikin yaran nau'in mutum ne. Ɗan abin da aka samu na farbum ma, galibinsa wani reshe ne da ya riga ya koma bin mutane. Sai kuma binciken da ya fi kusa da tambayar shirin nan, wanda cibiyar Bernhard Nocht ta birnin Hambug a Jamus ta jagoranta a Gana, Gabon, Tanzaniya da Madagaska. Duk yaron da aka samu da ƙwayar a asibiti, sai a bi shi gida a ɗauki samfurin mutanen gidan, da na yaran maƙwabta, da na dabbobin da ke tsakar gida. Lambar yaron ta fi yin daidai da ta 'yan gidansu da ta yaran maƙwabta. Ta dabbobi ba ta cika zuwa ɗaya da tasa ba.

Wannan magana tana da nauyi a wurin da an riga an saba ɗora wa makiyayi laifin duk abin da ya lalace a bakin rijiya. Hujjar da ke hannu ta ce a yankinmu kirifto ta fi bi daga mutum zuwa mutum. Ba wai an wanke dabba tas ba ne. An sami nau'in kaji a jikin yara a jihar Osun, kuma maraƙi ɗaya mai farbum na iya zubar da ƙwai biliyoyi. Idan aka ci gaba da shigo da shanun madara daga waje ana tara maruƙa a garke ɗaya a rufe, lissafin na iya sauyawa. Amma a yau, mai neman hanyar da ƙwayar ke bi, tsakar gida zai fara dubawa.

A ɗauki gida irin na kowa da hantsi. Yaro ɗan wata tara ya yi zawo a zane. Uwa ta ɗauko buta ta wanke shi a bakin rariya, ta ɗauraye hannu da sauran ruwan, babu sabulu a kusa. Ruwan wankin ya bi ƙasa, inda yayarsa 'yar shekara biyu ke wasa da murfin kwano. Uwar ta ɗauki moɗa ta tsoma a randa, yatsunta suka taɓa ruwan, ta dama koko. Zanen kuma yana jiƙe a baho sai an samu sarari. Kakar yaron ta leƙo ta ce ai haƙori ne, kowane yaro sai ya yi. Nan da mako guda yayar ta fara, bayanta ɗan kishiya, bayansa yaron da ake kawowa reno daga maƙwabta. Babu saniya ko ɗaya a labarin. Fitar haƙori ba ta sa gudawa. Abin da ke faruwa shi ne lokacin haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe, da kai komai baki, da fara cin abinci ban da nono.

A ƙara da cunkoso. Rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyuka da dama zuwa Jibiya da Magama, gidan mutum goma ya koma na talatin, masai ɗaya, ruwa kuma sai na 'yan ga-ruwa. Ƙididdigar hukuma ta 2021 ta ce 'yan Najeriya kimanin miliyan 48 na bahaya a fili. Jigawa ta nuna ana iya fita daga wannan, don a 2022 ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da al'adar. Lambu ma yana cikin lissafi: masu binciken Zariya sun sami ƙwan kirifto a jikin ɗanyen ganye da kayan miya na kasuwannin garin, abin lura ga masu noman rani da ke ban ruwa daga madatsa da masu sayar da latas da kabeji.

Me ya sa ba a cika jin sunanta a asibiti ba? Gwajin kashi na yau da kullum ba ya nuna ta. Sai an shafa samfurin a gilashi an rina shi da irin rinin da ake yi wa majinar mai tarin fuka, sannan a ga wasu 'yan ɗigo jajaye a kan shuɗi. Idan likita bai nema ba, mai gwaji ba zai yi ba.

Can a manyan ɗakunan bincike kuwa, yawancin aikin na hannun matasan da suka gama digirin digirgir suke zaman ƙarin ƙwarewa a ƙarƙashin wani babban malami. Shekaru da dama kirifto ta gagare su, saboda ba ta yarda ta ci gaba da hayayyafa a kwalba, dole sai a jikin maraƙi ko ɓera. A 2015, a ɗakin Farfesa Boris Striepen na Jami'ar Jojiya, Sumiti Vinayak da Mattie Pawlowic da Adam Sateriale da abokan aikinsu suka fara iya sauya ƙwayoyin gadonta, har suka sa ta riƙa ba da haske don a iya ƙirga ta. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2019 aka gano inda take tsayawa a kwalba: maza da mata suna fitowa, amma barbarar ce ba ta yiwuwa. A 2022 aka ɗauki hotonta tana motsi, aka ga zagaye uku take yi na hayayyafa, kowanne kimanin awa 12, sannan ta koma maza da mata. Amfanin wannan a fili yake, don in babu barbara babu ƙwai, in babu ƙwai ƙwayar ba ta da hanyar zuwa jikin wani. Sateriale yanzu yana da nasa ɗakin a cibiyar Francis Crick ta Landan, Pawlowic kuma tana Jami'ar Dandi a Sikotland, inda ɗakinta ke nazarin yadda ake gina ɓawon nan da ya gagari kulorin. Shanu ma sun riga mutane samun sauƙi, don a 2023 Turai ta amince da allurar da ake yi wa saniya mai ciki, maraƙi ya samu kariya ta dakashi.

Kafin wannan aiki ya iso kemis ɗin Magama, abin da ke hannun iyali shi ne katse hanyar. Kashin jariri ya fi na babba haɗari, don shi ne ya fi ɗauke da ƙwan. A zuba shi a masai, a wanke fo da sabulu, kada ruwan wanki ya bi inda yara ke wasa. Wanke hannu da sabulu bayan tsarkin yaro da kafin dama masa abinci ya fi man shafawan nan mai sinadarin barasa da aka saba da shi lokacin korona, wanda ba ya kashe ƙwan. Itace da gawayi sun yi tsada, kowa ya sani, amma ko ba a tafasa ruwan gida duka ba, a tafasa na 'yan ƙasa da shekara biyu: minti ɗaya yana ɓararraka ya isa, a ajiye shi a jarka mai murfi wadda hannu ba ya shiga. Kulorin kuma kada a daina sa shi. Shi ne ke kashe ƙwayar kwalara irin wadda ta ratsa Katsina da Maraɗi a 2021, haka ta taifot. Nonon uwa zalla har wata shida, ba ko ruwa, yana rufe babbar ƙofa. Madarar shanu a dafa ta kafin a ba yaro, maraƙi ko ɗan akuya mai zawo kuma a ware shi daga inda yara suke.

Idan gudawar ta riga ta zo, rashin ruwa ne ke kisa. Gudun da ake yi zuwa kemis a sayo Flagyl ba ya taɓa kirifto. A haɗa ruwan gishiri da sukari na leda a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. In babu na leda, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. Yaron da idonsa ya zurma, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya kasa sha, ko yake amai da duk abin da aka ba shi, ko aka ga jini a kashinsa, ko gudawar ta kai mako biyu, a kai shi asibiti a ranar ko da dare ne, ana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya.